Jirgin Yayarku da Ramin Kuza

Habibu da Nana, tunda kun mai da maganar nan abin tsokana, duk ranar da aka taru sai wani a cikinku ya ce Umma ce ta nutsar da jirgin Yaya, to ku zauna in ba ku labarin daga tushe. Ba wanda ya je wurin a cikinku. Kai Habibu kana filin ƙwallo, ke Nana kina makaranta. Ni ce na tsaya a bakin ruwan da ƙafafuna, kuma gani ya kori ji.

Sai na fara da abin da kuke yi wa dariya. Yayarku 'yar fari ce, kuma a gidanmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta shiga faɗansa. Haka Innata ta yi da babban wanmu har ta koma ga Mahaliccinta, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta ƙaunarsa. Ku da aka haifa a Kuala Lumpur kuna ganin abin kamar wauta, mu kuwa kunya muke ce masa, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Ana yaye yayarku kakarku ta wajen uba ta ɗauke ta, a Kano ta girma. Mu muka taho nan, babanku ya kama shago a Jalan Tuanku Abdul Rahman yana tura yadi da mayafai gida, ni kuma ina tuƙa tuwon sayarwa a unguwar Taman Melati, ɗaliban Najeriya suna layi da robobinsu suna cewa tapau, wato a zuba musu su tafi da shi. Sai da ta gama sakandare ta zo mana, doguwa, mai shiru, da idon babanta. "Ke" nake ce mata. In zan aika a kira ta sai in ce a kira min yarinyar nan. Abin da ba ku sani ba shi ne uwar ɗan fari ba ta daina kallo, da wutsiyar ido take yin sa. Na san ranar da takalmi ya matse ta, na san ranar da ta juya cokali a abinci ba ta ci ba, kuma ban taɓa cewa komai ba.

A shekararta ta ƙarshe a jami'a falonmu ya koma gareji. Ko'ina waya, ko'ina ƙusoshi, ga warin gam har cikin miyar kuka. Wata rana da yamma babanku ya dawo daga shago ya tarar an ɗora fiffike a kan kujerarsa, sai ya ce ta yi masa bayanin wannan abin da ya kore shi daga wurin zamansa. Ina kicin, ƙofa a buɗe.

"Baba, tsohon gwaji ne nake son in sake," in ji ta. "Tun zamanin yaƙin duniya na farko Turawa suka ga jirgin ƙarƙashin ruwa makaho ne, ba ya hango nesa. Sai suka ɗora masa ƙaramin jirgin sama a baya, irin mai ƙafafu kamar kwale-kwale wanda yake sauka a kan ruwa. In sun fita teku, sai na ƙasan ya sha ruwa ya nutse a hankali, ya bar na saman yana iyo, shi kuma ya tashi ya leƙo musu."

"Goyo ke nan," in ji babanku.

"Goyo ne, Baba. Sai dai uwar ce take sulalewa ta bar ɗan."

Na ji maganar sarai, na ci gaba da tuƙin tuwona. Ta ce abin bai yi wa na farkon daɗi ba, domin kafin na ƙasan ya gama nutsewa igiyar ruwa tana iya kifar da na saman. Ita ta ƙera wata ƙugiya mai baki biyu da za ta riƙe ƙafafun jirgin gam har sai an kai daidai zurfin da ake so, sannan ta saki. Ba manyan jirage ba ne, amma ba kayan wasa ba ne kuma. Na ƙarƙashin ruwan ya kai tsawon bencin masallaci, sai samari sun taru suke ɗaga shi. Idan gwajin ya yi kyau a gaban Farfesansu da baƙin da zai gayyato, an yi mata alkawarin gurbin ci gaba da karatu, takardar zamanta kuma za a sabunta. Idan bai yi ba, sai gida. Na yi shekaru ina jiran yarinyar nan ta zo ƙarƙashin rufina, don haka kada wani ya ce muku ban so jirgin ya tashi ba.

Matsala ta zo daga ƙugiyar. A kwamin wanka na jami'a wata rana ta saki, wata rana ta cije. Lokaci ya ƙure, sai ta yanke cewa ranar gwaji ita za ta shiga ruwan ta tsaya kusa, in ƙugiyar ta cije ta taimaka mata da hannu. Kwamin kuma ya yi wa jirgin saman gajarta, ba zai samu wurin gudu ba, saboda haka sai tafki. Da babanku ya tambayi wane tafki, ta ce wani ne a gefen gari, tsohon ramin da aka haƙi kuza ruwa ya cika shi. Muciya ta kusa faɗuwa daga hannuna.

Kun san a Bukuru na tashi, inda mahaifinmu ya je fatauci daga Kano ya zauna. Ramukan kuza nan ne muka yi wayo muka gani, shuɗi shar, kwance kamar ba ruwansu da kowa. Ruwan kuza ba shi da gaɓa. Taku ɗaya yana gwiwarka, taku na biyu babu ƙasa, ga sanyi a can ciki mai ɗaure jijiya. Ƙanena Sule ya fi duk yaran unguwa iya iyo, kuma da rana tsaka ruwan ya tafi da shi, mutane suna wanki a gefe. Na ƙetare teku na zo ƙasar da ban san kowa ba, ashe su ma sun haƙi kuzarsu sun bar ramukan a buɗe suna jiran 'ya'yan mutane.

To ga inda kunyar ta ɗaure ni. Da Nana ce, da na kama kunnenta na ce ba za ki ba, magana ta ƙare. Ita kuwa ba ni da bakin hana ta kai tsaye, sai dai in bi ta hannun ubanta. Na same shi da safe yana shan shayi kafin ya fita.

"Alhaji, ka hana yarinyar nan shiga ruwan nan."

"Haba Hajiya. Ta iya iyo, da rigar hana nutsewa za ta shiga, ga Farfesa a tsaye, ga abokan aikinta. Me kike so a ƙara?"

"A sa wani namiji ya shiga."

"Ita ta ƙera abin, ita ta san inda yake cijewa. So kike in karya mata gwiwa ana saura kwanaki?"

"So nake ka dawo min da ita gida da ƙafarta."

Ya ce in yi addu'a, ya ɗauki jakarsa. Babanku mutumin kirki ne, amma in ya ga 'yarsa tana magana da Turanci a kan injuna sai kansa ya fasu, ko rijiya ta ce za ta shiga zai riƙe mata takalmi. Da yamma na sake gwadawa ta wata hanyar. Ke Nana kina kan kujera da littafinki, ita tana zaune a ƙasa tana ɗaure waya, tsakaninmu bai fi tsawon tabarma ba.

Na ce, "Nana, ki gaya wa yayarki ruwan kuza ba a yi masa gwaninta."

Kika ɗago kika ce, "Umma, she's right there lah," wai ai ga ta nan a gabana.

Ita ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Nana, ki gaya wa Umma na ji. Ki ce mata kuma in tana da magana da ni, kunnena biyu."

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. A al'adarmu uwa ba ta zuwa wurin da za a yaba wa ɗanta na fari, ko bikin kammala sakandarenta ban tambayi hotonsa ba sai da na ga ba kowa na ɗauka na duba. Amma ranar gwajin na tashi tun asuba na dafa shinkafa da miya kula biyu, na ce wa babanku ɗaliban nan za su wuni a rana, ba zan bari su dawo da yunwa ba. Ya kalle ni ya gane, ya buɗe min bayan mota.

Tafkin yana bayan wasu gidaje, an kewaye shi da ciyawa mai tsayi. Ina ganin launin ruwan na san shi. Na ajiye kulolina a kan wani tudu ƙarƙashin bishiya, nesa kaɗan da jama'a, kamar wadda abinci kawai ya kawo. Farfesan tsohon Ba'indiye ne mai farin gashi, yana tsaye da baƙinsa a ƙarƙashin lema. A bakin ruwa an kafa tebur, wata 'yar Malay mai suna Nurul, ƙawar yayarku, tana zaune da kwamfuta. Daga teburin wata doguwar igiyar lantarki ruwan ɗorawa ta miƙe har wutsiyar jirgin ƙarƙashin ruwan, domin an ce saƙon rimot ba ya ratsa ruwa, ta igiyar ake ba shi umarni. Samari suka tura shi ciki da farin jirgin saman a gadon bayansa. Yayarku ta ɗaure rigarta ta hana nutsewa a kan doguwar riga da wando, ta yi bisimilla, ta bi shi da iyo har suka yi nisa. Kanta kawai ake gani da kafaɗunta.

Sai iska ta taso kaɗan ta karkatar da hancin jirgin. Ta zagaya ta baya ta tura shi, bai daidaita ba, ta sake zagayowa ta ɗaya gefen. Kowa a wurin jirgin yake kallo, wasu sun ɗaga wayoyi. Ni ban zo kallon jirgi ba. Daga tudun da nake ina hango saman ruwan sosai, na ga igiyar da ɗazu take kwance a sake yanzu ta shiga ta bayan rigarta, ta ƙarƙashin maɗaurin ƙugu, ta fito ta ɗaya ɓangaren. A zagayen da ta yi ne ta sarƙe. Ita ba ta ji ba, hankalinta yana kan ƙugiyar. Ta ɗaga hannu ta yi wa Nurul alama. Farfelar jirgin saman ta fara ƙara kamar injin markaɗe, kumfa ta fara tasowa, baƙin bayan na ƙasan ya fara shigewa cikin ruwa. Igiyar ta fara miƙewa.

Na ce, "Ke!"

Ba wanda ya waiga. Na gangaro da gudu, takalmi ɗaya ya fita.

"Ke! Ke yarinyar nan!"

'Yan mata sun fi biyar a wurin, biyu suka juyo suka kalle ni, ita ba ta ji ba. Na cafki hannun rigar babanku na ce igiya, Alhaji, igiya. Idonsa yana kan wayarsa yana ɗaukar hoto, ya ce, "Hajiya, don Allah, yanzu zai tashi." Ba zan iya gaya muku tsawon lokacin da na tsaya da sunan a bakina ba. Na san dai na ji shi a maƙogwarona kamar ƙashin kifi, na tuna Innata, na tuna matan gidanmu, na ga igiyar ta fito daga ruwa tana ɗiga. Sai na buɗe murya irin wadda ban san ina da ita ba.

"Saratu!"

Duk da ƙarar farfelar ta ji. Ta juyo gaba ɗaya, hannunta yana kan ƙugiyar, bakinta a buɗe. Ba ta taɓa jin sunan nan daga bakina ba tun da ta zo duniya. A juyowar ne bakin ƙugiyar ɗaya ya saki, ɗayan ya riƙe. Na ƙasan ya ci gaba da nutsewa ya ja ƙafa ɗaya ta na saman, fiffike ya tsoma a ruwa, farfela ta daki ruwan ta tarwatse. Mutane suka yi salati da ihu, kowa da yarensa.

"Igiya a bayanki! Saratu, igiya!"

Ta kai hannu baya, na ga fuskarta ta canja. Sai aka fizge ta. Ruwa ya rufe mata baki, ta taso, ya sake rufe mata har ido. Babanku ya jefar da waya ya faɗa ruwan da kaftaninsa, shi da bai taɓa iyo ba, taku na biyu ƙasa ta ɓace masa, sai da samari biyu suka damƙo shi ta wuya. Nurul tana dukan kwamfuta tana kiran sunan Allah. Can sai ruwa ya yi tafasa, baƙin bayan ya sake ɓullowa, igiyar ta saki jiki. Yayarku ta kwance maɗaurin, ta zare kanta, ta iyo a hankali tana tari. Jirgin saman ya taso a rataye da ƙafa ɗaya, fiffike a karye, ruwa yana zuba daga cikinsa.

Ta fito ta zauna a kan ciyawa. Na tsaya a kanta, na cire mayafina na yafa mata. Ba ta kalle ni ba, jirgin take kallo ana jawo shi. Farfesan ya zo ya duƙa ya tambaye ta ko lafiya, sannan ya yi wa babanku bayani cewa igiyar tana da wata mahaɗa da aka yi don ta rabu in an ja ta da ƙarfi, da wuya a ce ta kai ta ƙasa. A mota ita ma abin da ta faɗa ke nan, ga babanta, ba gare ni ba.

"Da ta rabu, Baba. Ni na haɗa ta. Da an bar ni, da ya tashi."

Daga baya Nurul ta zo gida dawo da kulolina, na tsare ta a ƙofa na ce ta gaya min gaskiya, da igiyar ta rabu? Ta sunkuyar da kai ta kira ni gwaggo da yarensu, ta ce, "Makcik, ba mu taɓa gwada ta da nauyin mutum ba." Iyakar abin da na samu ke nan. Wataƙila da ta rabu. Ni dai ban haifi 'ya don a gwada ƙarfin igiya da ita ba, kuma ko yau aka mai da ni kan tudun nan zan sake yin ihun. Ku rubuta wannan ku ajiye.

Amma abin ya ci mana. Ruwa ya lalata kayan cikin jirgin, babu lokacin sake ƙera wani. Ta samu digirinta da abin da ta rubuta, gurbin kuwa aka ba wani, takardar zamanta ta zo ƙarshe. Watannin da suka rage ta yi su a gidan nan kamar baƙuwa. Ta gaishe ni da safe, ta ci abinci, ta wanke kwanonta, ta shige ɗaki. Ni kuma na koma "ke" ɗina, don ban san wata hanyar ba. Na ɗauka jirgin ne take jin haushina a kansa, kuma na shirya ɗaukar wannan har ƙarshen raina. Ta samu aiki a wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa a Legas, aka sa ranar tafiya.

Mun raka ta ni da babanku. Muka ci shinkafa a kan ganyen ayaba a unguwar Brickfields, ba wanda ya cinye tasa, sannan muka haura tashar da ake hawa jirgin ƙasa zuwa filin jirgin sama. Babanku ya tafi yankar tikiti ya bar mu mu biyu da akwatuna. Na gyara murya na ce, ina kallon akwatin, jirgin nan dai ƙaddara ce, a yi haƙuri.

"Umma, ba jirgin ba ne," in ji ta. "Jirgi zan ƙera wani."

Na ci gaba da kallon akwatin.

"Tun ina ƙarama a Kano nake ce wa kaina ba za ki iya ba ne. Na ce bakinki ne ba ya iya furta shi, kamar yadda wani ba ya iya ɗaga hannu. Da haka na haƙura. Ran nan sai na ji shi, har sau biyu, tsaf, ba ko gargada. Ashe kin iya."

Idonta ya kawo ruwa, nawa ma haka. Na so in gaya mata cewa sunan nan ba daren da ba na faɗarsa a sujada, na so in gaya mata maganar takalmin da ya matse ta da hoton da na ɗauka a ɓoye. Babanku ya dawo da tikiti, aka yi shelar jirgi ya iso, mutane suka fara turereniya. Ta rungume shi, ya sa mata albarka. Sannan ta juyo ta tsaya a gabana, jaka a kafaɗa, ba ta motsa ba. Na san abin da take jira, shi ma ya sani, har ya kau da kai ya ba ni wuri. Ba ruwa, ba igiya, ba abin da zai cinye ta in na yi shiru. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi.

Na ce, "Ke, ki riƙe fasfonki da kyau."

Ta ɗan jira kaɗan. Sannan ta ce, "To, Umma," ta ja akwatinta ta shiga.